Partagás Culebras: Tsohuwa Ta Inji Ko Sabuwa Ta Hannu?

Mai neman Culebras ta Partagás, wato tabar nan ta Kyuba da ake kitsa sirara uku wuri guda a ɗaure bakinsu da zare, zai tarar da iri biyu a kasuwa. Akwai tsohuwa wadda inji ke naɗawa, da aka daina yi a 2005, akwai kuma ta hannu wadda kamfanin Habanos ya fitar a 2007 domin shagunan sayar da tabar Kyuba da ake kira La Casa del Habano.

Ni dai tsohuwar nake fifitawa. Tsawon kowace ɗaya milimita 146 ne, kaurinta lamba 39 a ma'aunin masu taba, cikinta kuwa guntattakin ganye ne. Tun suna da danshi ake kitsa su, shi ya sa idan an kwance zaren kowace takan fito a karkace, kuma a haka ake kunna ta ita kaɗai. Guntattakin nan da wasu ke rainawa su ne ke barin hayaƙi ya ratsa lanƙwasar ba tare da wahalar zuƙa ba, ga shi shekarun ajiya sun kwantar da kaifinta. Ta hannun tana da kyan akwati, amma a ganina akwatin ake biya wa kuɗi. Guantanamera, wata tabar Kyuba da inji ke yi har yanzu, ba ta da wannan siffa, saboda haka ba ta cikin lissafi.

Sai dai kayan da aka daina yi su ne abincin 'yan damfara. A juya akwatin a duba gindinsa: na inji "Hecho en Cuba" (wato an yi a Kyuba) yake ɗauke da shi, ba tare da ambaton aikin hannu ba, idan kuwa aka ga "Totalmente a mano" (wato aikin hannu zalla) a kan abin da aka ce tsohon inji ne, to akwai lauje cikin naɗi. Koren hatimin gwamnatin Kyuba bai samu tambari mai ƙyalli da layukan tantancewa na "barcode" ba sai a 2009, don haka hatimin da ke ɗauke da su ba shi da dalilin zama a kan akwatin da aka rufe kafin 2005. Wani dillali ya taɓa sayar mini da irin wannan, da na tsaga guda ɗaya sai na tarar da kara da ƙura a ciki. Ko da akwatin na gaske ne, a nemi a buɗe shi, domin ƙwaron taba yakan bar ƙananan ramuka a jikin ganye, wadda ta bushe kuma takan tsage daidai lanƙwasa tun wajen kwance zare. Dillalin da ya ƙi buɗewa, a bar masa kayansa.