Gargaɗi Ga Masu Tsofaffin Motoci: Kusoshin Mazaunin Inji Na Jabu Sun Shigo Kasuwa

Jama'a masu riƙe da tsofaffin motoci, musamman Peugeot 504 da 404 da Marsandi samfurin W123, a yi hattara da masu tallan kusoshin mazaunin inji a Facebook da WhatsApp. Za ka ga hoton kusoshi takwas ko goma a 'yar leda, suna ƙyalli ruwan ɗorawa, an rubuta wai orijina ne, ragowar kayan kamfani tun na da. Kuɗin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na inji, shi ya sa mutane ke turawa ba tare da dogon bincike ba. Mai kayan ba ya yarda a zo shago, cewa zai yi a tura kuɗi ya ba direba a tasha. Wani daga nan ke nan, lambarsa ta daina shiga. Wanda ya fi shi illa shi ne wanda zai aiko da kayan, domin asarar na farko a aljihu take tsayawa, na biyun kuwa a kan titi ake gane ɓarnarsa.

Mazaunin inji, wanda makanikai ke kira injin sitin, roba ce a tsakanin ƙarafa biyu. Gefe ɗaya an ɗaure shi da hannun ƙarfen da ya fito daga jikin inji, ɗaya gefen da ƙarfen gicciye na ƙarƙashin mota. Kusoshin nan su ne ke riƙe da inji a kan mazauninsa. A motar da injinta ke kwance a tsaye yana tura tayoyin baya, duk lokacin da aka taka totur inji yakan nemi ya murɗa, ya danne mazaunin dama, ya ɗaga na hagu. Don haka na hagu ya fi yawan yagewa, kusarsa ta fi yawan kwancewa. Ba ƙaramin abu ba ne. A ƙarshen 1971 kamfanin General Motors na Amurka ya kira motocin Chevrolet kusan miliyan 6.7 a dawo da su saboda matsalar mazaunin inji: idan ya rabu, inji ya ɗaga, sai ya ja ƙarfen totur mota ta ƙara gudu da kanta. Tsofaffin motocinmu da yawa totur ɗinsu na waya ne ko na sanda, abin da ya faru can zai iya faruwa da su.

Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, W123 kuwa an daina ƙera ta tun tsakiyar shekarun 1980. 'Yan damfara sun san mai irin wannan mota kullum cikin neman kayan asali yake, da ya ji an ce "tsohon ajiya ne" sai jikinsa ya mutu. To, kusa ba ta bukatar zama tsohon ajiya. Abin da take bukata shi ne ƙarfinta da zarenta da tsawonta su dace, kuma duk ukun ana iya dubawa.

A fara da kan kusar. Kusar kirki tana ɗauke da lamba irin 8.8 ko 10.9, tare da tambarin masana'antar da ta yi ta. Lambar farko idan aka ninka ta sau ɗari, ƙarfin da zai tsinka ƙarfen ke nan, wato 800 MPa (ma'aunin ƙarfin ƙarfe) ga mai 8.8. Ta biyun tana nuna inda ƙarfen zai fara miƙewa ya kasa komawa yadda yake, kashi 80 cikin ɗari, wato 640. Kusar da kafintoci da masu walda ke haɗa ƙofa da ita yawanci 4.6 ce ko 4.8, ko ma ba lamba sam. Ga bambancin a aikace: kusa M10, wato mai kaurin milimita 10, mai 8.8 tana ɗaukar jan da ya kai kimanin tan 3.8 kafin ta fara miƙewa, mai 4.6 ba ta wuce tan 1.4 ba. Ɗaurin da ake yi wa M10 mai 8.8, wajen 49 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), shi kaɗai yana jan kusar da ƙarfin da ya haura tan biyu da rabi. Ke nan idan ta jabu ce, tun a hannun makaniki ta riga ta miƙe. Yakan ji sifana tana ta tafiya da laushi kamar ana murɗa alewa, ba ta kai inda za ta tsaya cak ba. Mai gaggawa sai ya ce ta ɗauru. Bayan mako biyu a kan hanya mai gargada ta saki, ko kanta ya fille ya bar gindin a cikin inji.

Masu sayar da kusoshin jabu iri uku muke gani. Akwai masu sayen kusa marar lamba su buga mata 8.8 ko 10.9 da hannu. Ana gane su da lambar da ta karkace, wani harafi ya nutse wani bai fito ba, ɗigon tsakiya ya kauce, kuma ba tambarin masana'anta. A jera kusoshin ledar a kan tebur: aikin inji iri ɗaya yake fitowa a kowace, aikin guduma kuwa kowace da kamanninta. Akwai kuma waɗanda tun daga masana'anta aka buga musu lambar ƙarya, waɗannan ido ba ya kama su, sai gwaji. Wannan cuta ba a nan ta fara ba, ita ce ta sa Amurka ta kafa dokar ingancin kusoshi a 1990.

Na ukun su ne suka fi ba mu tsoro. Suna tsinto tsofaffin kusoshi na gaske daga motocin da aka yanka, su jiƙa su a asid tsatsa ta fita, su sake yi musu rufin zinki, su sayar a matsayin sababbi. Lambar gaskiya ce, amma kusar ta riga ta sha wuya. A ɗaga ta a rana a duba tsakanin haƙoran zaren, za a ga ƙananan ramuka inda tsatsa ta ci, rufin ya bi ta kansu. A kara ta da bakin rula, wani lokaci za a ga wuyanta ya sirance inda ta taɓa miƙewa. Bayan haka, wankin asid da rufin lantarki suna shigar da iskar haidurojin cikin ƙarfe mai tauri, musamman 10.9 da 12.9, kuma idan ba a gasa kusar bayan rufin ba takan yi gautsi. Irin wannan ba ta miƙewa balle a ga alama, karyewa take yi kwatsam, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu bayan an ɗaura ta, mota na ajiye.

Wasu kuma farar kusa wadda ba ta tsatsa suke tallatawa, wai ta fi ta kamfani. Wadda aka rubuta wa A2-70 tana fara miƙewa a 450 MPa, ƙasa da 8.8 sosai, kuma zarenta yakan cije da noti har sai an yanke. Ta yi kyau a jikin bamba, ba a ƙarƙashin inji ba.

Gwaji mai sauƙi shi ne a sadaukar da kusa ɗaya daga cikin ledar. A auna tsawonta da baniya, wato ma'aunin tsawo na makanikai, a zura ta cikin guntun bututu mai kauri da washa, a damƙe kanta a bayis, a ɗaure noti da sifanar awon ɗauri zuwa adadin da ya dace da girmanta. A kwance a sake aunawa. Idan ta ƙara tsawo, ko notin ya ƙi tafiya da yatsa a inda ya zauna, a mayar wa mai kaya kayansa. Magagari ma yana taimakawa idan akwai tsohuwar kusar motar a kusa: a goga gefen kan kowace, ta jabu za ta ci da sauri ta zubar da gari fiye da ta asali.

Sai maganar zare, inda har masu niyyar kirki ke yin ɓarna. M10 tana da tazarar haƙori milimita 1.5 da 1.25 da 1.0, kuma a ido duk ɗaya suke. Kusar inci mai kaurin 3/8 da haƙora 16 a kowane inci tana shiga ramin M10 zagaye biyu ko uku kafin ta cije, daga nan sai a sa mata dogon bututu a danna, zaren ramin ya tafi. Motocin Faransa kuma suna da M7 mai kan sifana 11 a wurare da dama, wadda ba kowane shago ke da ita ba, sai a cusa wata a madadinta. Girman kan kusa ma ba hujja ba ne: M10 ta Jamus sifana 17 take ci, ta sabon ma'auni 16, ta Japan 14. A je kasuwa da tsohuwar kusa a aljihu, a haɗa haƙoranta da na sabuwar a ɗaga wa haske. Idan haske ya ratsa tsakani, ba ita ba ce. Idan duka sun ɓace, a ciro ta ɗaya gefen a yi samfur da ita.

Tsawo ma haka. Ramin jikin inji yana da ƙarshe. Kusar da ta yi tsawo za ta taɓo ƙasa, sifana ta nuna ta ɗauru, alhali hannun ƙarfen yana lilo. Wadda ta gajarta kuma haƙora uku ko huɗu kawai za ta kama. A ƙarfen zubi ana so ta shiga kamar kaurinta sau ɗaya da rabi, a alminiyum sau biyu. A W123 akwai kusoshin da ake kwancewa da alanki, kuma na jabu ramin kansu yakan lalace ya zama zagaye tun ɗaurin farko, ranar da za a cire su sai an sha wahala.

Akwai wata damfarar da ke faruwa a cikin gareji, kuma muna faɗa ne ba don ɓata sunan makanikai ba, yawancinsu da guminsu suke ci. Mota ta zo tana buga "gau" idan an saki kuloci, sandar giya tana rawa. Sai a ce, "Alhaji, sitin ya mutu duka biyu, sai an canja." A karɓi kuɗin sababbi, a wanke tsofaffin da fetur, a shafa baƙin fenti, a ɗaure kusar da ta kwance, wadda da ma ita ce matsalar. Wani kuma ya canja ɗin da gaske, amma ya ajiye kusoshin asali ya sa na kwandon gareji. Mai mota ya nemi a nuna masa robar kafin a taɓa komai: idan ta mutu za a ga ta tsage, ko ta rabu da ƙarfenta, ko ta zauna ta yi faɗi, ko ta jiƙe da baƙin mai ta yi lagwas. Idan an canja, ya karɓi tsofaffin a hannunsa. Kuma kada ya yarda a ɗiga wa kusa walda don kada ta kwance. Zafin walda yana kashe taurin kusar, yana ƙona robar da ke kusa da ita.

Ga yadda aikin yake idan za a yi shi daidai. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi, a cire wayar batir mai alamar (-). Idan an ɗaga mota, a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, ba a kan jak kaɗai ko bulo ba. A sa faffaɗan katako tsakanin jak da kaskon baƙin mai, a ɗaga inji kaɗan kaɗan, iya abin da zai sauke nauyi daga kan mazaunin, ana lura da fanka kada ta taɓa lagireto, da tiyon ruwa da wayar totur kada su miƙe. Gefe ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan. Kada wanda ya sa yatsa tsakanin hannun inji da roba, da sukundireba ake daidaita rami.

A wanke ramin, a hure shi. Mai ko ruwan da ya taru a rufaffen rami, idan kusa ta danne shi, yana iya tsaga zubin. Kowace kusa a fara ta da hannu, ta tafi zagaye biyar ko shida ba gardama. Wadda ta ƙi, a fito da ita a duba dalili. Idan zaren ramin ya cinye, a sa masa zaren gyara irin Helicoil, kada a cusa babbar kusa da ƙarfi. A sa duka kusoshin sako-sako, a sauke inji ya zauna da nauyinsa, a ɗan girgiza shi, sannan a yi ɗaurin ƙarshe. Wanda ya ɗaure tun inji na sama zai bar roba a murɗe, ba za ta yi ƙarko ba. Littafin motar shi ne gaba a maganar adadin ɗauri. Inda babu shi, abin da aka saba ga 8.8 a busasshen zare shi ne wajen 25 Nm ga M8, 49 ga M10, 85 ga M12, kuma ƙarfen da ya fito daga cikin robar kansa yawanci bai son a kai shi nan. Noti ya zama ajinsa ɗaya da kusar, mai lamba 8 ga 8.8, mai 10 ga 10.9. Ɗigo biyu na shuɗin gam ɗin zare sun isa. A gefen da salansa ke bi, noti mai roba a ciki ba ya jure zafi, a sa na ƙarfe zalla. A ƙarshe a ja layin fenti daga kan kusa zuwa jikin ƙarfe, a sake leƙawa bayan tafiyar kilomita ɗari. Idan layin ya rabu, kusar ta motsa.

Wajen saye, gara a je ƙafa da ƙafa wurin masu kusoshin manyan motoci da injinan masana'antu, inda za a ga kwalin da kusar ta fito da sunan mai yin ta, a kuma karɓi rasit. Wanda ya zaɓi ta hannu daga motar da aka yanka, a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka, ya saye ta da tsatsarta da maiƙonta yadda zai ga ainihin jikinta, ya bar wadda aka yi wa wanka. Wanda kuma aka riga aka cuta ta intanet, ya ajiye hoton tallar da hirarsu da shaidar tura kuɗi da kusoshin kansu, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, FCCPC, ko hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON. Idan an riga an ɗaura kusoshin a mota, a ajiye ta a ciro su yau, kafin a ɗauki iyali a hau babban titi.