Tsakanin littafin Cheikh Hamidou Kane da na Ɗayyib Salih: wanne za a sa wa yaro a jaka?

Assalamu alaikum. Malam, tunda ka ce ɗaya kawai za ka saya wa yaron naka kafin ya tashi zuwa karatu Turai, tsakanin Ambiguous Adventure na Cheikh Hamidou Kane da Season of Migration to the North na Ɗayyib Salih, to ka sayi na Kane. Duka biyun ina da su, da kuɗina na saye su, amma ɗaya na karanta shi har bangonsa ya rabu da jikinsa na kai aka ɗinke mini, ɗayan kuwa sau ɗaya na karanta shi na mayar da shi can saman kanta inda hannun yara ba ya kaiwa.

Ba banza ba ne ake yawan ambaton littattafan nan tare. Marubutan tsara ne, Musulmi ne, kuma kowannensu ɗan bakin kogi ne: an haifi Kane a 1928 a Matam da ke gaɓar kogin Senegal, an haifi Salih a 1929 a wani ƙauye na arewacin Sudan da ke gaɓar Nilu. Kane ya rubuta nasa da Faransanci, ya fito a 1961 da sunan L'Aventure ambiguë, Salih kuma ya rubuta nasa da Larabci, ya fara fitowa a 1966 a wata mujalla ta Bairut mai suna Hiwar. A fassarar Turanci babu wanda ya kai shafi 200 a cikinsu, kuma dukkansu labarin yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya bar gida ya je ƙasar waɗanda suka mulki ƙasarsa neman ilimi, ya dawo ba yadda ya tafi ba. Daga nan kuma hanya ta rabu.

Na Kane na same shi ne a hannun wani mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, lokacin ina ɗalibi, bugun nan mai bango ruwan lemo na jerin marubutan Afirka da kamfanin Heinemann ya fara fitarwa a 1962. Ban san marubucin ba, arha ce ta sa na ɗauka. Da na buɗe shafin farko a tsaye, sai na tarar da malamin allo, Thierno, ya kama cinyar ɗalibinsa Samba Diallo yana mintsini, sannan ya kama kunnensa da farce, saboda harshen yaron ya zame wajen karanta aya. Duk wanda ya zauna gaban alaramma da allo a cinya ya san wannan zafin, ya kuma san abin da Kane ya nuna bayansa, wato cewa malamin ya fi tsananta wa wanda ya fi so, don a kansa ya ɗora burinsa. Samba ɗan gidan sarauta ne, amma yana fita bara da sauran almajirai cikin tsumma, suna tsayawa ƙofa-ƙofa suna tuna wa masu gida mutuwa kafin a zuba musu abinci. Ban taɓa ganin an rubuta rayuwar almajirci da irin wannan mutunci a cikin littafin boko ba, babu ƙyama, babu kuma ɓoye wahalarta.

Ƙasar da labarin ya faru, ta mutanen Diallobe, ƙasar Fulanin Futa Toro ce, inda kakannin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka fito, shi ya sa yaronka ba zai ji kansa baƙo a cikinta ba. Matsalar da ta taso musu ita ce wadda ta taso wa iyayenmu: Turawa sun ci ƙasa da yaƙi, sun buɗe makaranta, a kai yara ko kada a kai? Sarki ya kasa yanke hukunci, yana tambayar ko abin da yara za su koyo ya kai darajar abin da za su manta. Malam Thierno ya ƙi ya ce a kai, ya ƙi ya ce kada a kai. Wadda ta raba gardamar mace ce, yayar sarki, dattijuwar da kowa ke shakka, wadda ta tara jama'a a dandali har da mata, abin da ba a saba ba, ta faɗa musu cewa ita ma ba ta son makarantar, amma dole a je a koyo daga wurin baƙin yadda ake cin nasara ba tare da ana da gaskiya ba. Ta kwatanta yaran da irin shuka, wanda manomi ke zaɓar mafi kyau ya binne a ƙasa alhali yana son ci.

Wannan babi na taɓa fassara wa mahaifina, Allah ya jiƙansa, da baki, wani dare bayan isha'i, ina karantawa da fitilar ƙwai ina mayar masa da Hausa. Shi ne mutumin da ya ƙi sa ni boko shekara biyu, har sai da gwaggona ta zo daga garin aurenta ta zauna a zaure ta ce ba za ta koma ba sai an rubuta sunana. Ina tsammanin zai ce in rufe tatsuniyar Nasara. Sai ya yi shiru har na kai ƙarshen jawabin dattijuwar, sannan ya tambaye ni ko marubucin ya yi karatun allo. Na ce ya yi, kafin ya shiga makarantar Faransawa. Ya ce ai ya ji, domin wanda bai sha bulalar malam ba ba zai san malam yana kuka a zuci ba. Washegari shi da kansa ya ce in ɗauko mu ci gaba, muka kai daren da Samba ya tsaya a tsakar gida ya yi wa mahaifinsa tilawar Alƙur'ani da ka, kamar yadda al'adarsu ta tanada ga wanda ya kammala. A nan ne na ga tsohon ya juya fuskarsa wajen bango.

Kada in ɓoye maka aibin littafin. Kashi na biyu, bayan Samba ya isa Faris yana karatun falsafa, yana da nauyi, domin mutanen ciki ba sa hira irin ta mutane, muhawara suke yi, kowa na ɗauke da ra'ayi kamar an ɗora masa kaya: ga Lucienne 'yar gurguzu, ga mahaifinta limamin coci, ga wani tsohon lauya baƙar fata da ya daɗe a can. Yaro mai neman labari mai gudu zai ƙosa a nan. Amma a wannan kashin ne abin da yaronka zai fuskanta yake, domin Samba bai lalace da giya ko mata ba, sanyi ne ya shige shi a hankali, har ya wayi gari sallah ta fara kuɓuce masa, ya rasa ko shi na can ne ko na nan. Mahaifinsa ya rubuta masa ya dawo gida, ya dawo ya tarar Thierno ya rasu, kuma wani mai taɓin hankali da ya taɓa zuwa Turai ya dawo a firgice, ya matsa masa a bakin kabarin malamin sai ya yi sallah, abin ya ƙare da ajalin Samba. Ka faɗa wa yaron tun yanzu cewa ƙarshen ba mai daɗi ba ne. Littafin ya ci babbar kyautar adabin baƙar Afirka ta masu rubutu da Faransanci a 1962, shi kuwa Kane aikin gwamnati ya ɗauke shi, ya yi gwamnan lardi, ya yi minista, bai sake fitar da wani ƙagaggen labari ba sai a 1995.

Na Salih kuwa, gaskiya ɗaya ce, ya fi na Kane gwanintar saƙa labari, kuma ba ni kaɗai na faɗa ba, domin a 2001 wata cibiyar adabi a Dimashƙa ta zaɓe shi a matsayin mafi muhimmancin ƙagaggen labarin Larabci na ƙarni na 20. Sai dai jaruminsa, Mustafa Sa'id, ya je Landan ne ya mayar da lalata da matan Turawa hanyar rama mulkin mallaka, uku suka kashe kansu a dalilinsa, ya kashe matarsa Jean Morris, ya yi shekara 7 a kurkuku, kuma akwai hirar tsofaffin ƙauye a ciki wadda ba zan iya karantawa a gaban ɗana ba. Na saye shi ne saboda yabon da na ji, na bar shi a falo, sai na tarar da ƙaramar 'yata ta buɗe shi tana haɗa baƙi, tun ranar ya koma saman kanta. Wuri ɗaya ya zauna mini a rai, ɗakin sirrin da Mustafa ya gina a ƙauye, cike da littattafan Turanci, har Alƙur'anin da ke ciki fassarar Turanci ce. Littafin manya ne, idan yaron ya yi shekara biyu a can zai nemo shi da kansa, ba sai ya fito daga hannun mahaifinsa ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, domin littattafan nan biyu suna cikin waɗanda ɓarayin bugu suka fi kwafa. Wani aminina ya tura kuɗi ga wani mai talla a WhatsApp wanda ya nuna masa hoton bango mai kyau, da kayan suka iso sai ga takarda mai shara-shara kamar ta ƙunshin ƙosai, tawada ta dusashe, an tsallake shafi goma sha shida a tsakiya an maimaita waɗansu a madadinsu, mai tallan kuma ya daina ɗaukar waya. Akwai kuma masu sayar da ɗan taƙaitaccen bayani na masu shirin jarrabawa da sunan cikakken littafi. Kada ka biya sai ka riƙe shi a hannu. Ka duba shafin da ke bayan sunan littafi ka ga an rubuta mai fassara, Katherine Woods ce ta fassara na Kane, Denys Johnson-Davies ya fassara na Salih, sannan ka bi lambobin shafi da yatsa daga farko har ƙarshe, ka ɗaga takarda ɗaya a rana ka ga ko rubutun baya yana ratsowa. Tsohon bugu na gaskiya da wani ya riga ya karanta ya fi sabon jabu mai ƙyalli.

Idan yaron yana jin Faransanci, ko kana da wanda zai shiga Maraɗi ko Yamai, ka sa a sayo masa na asali, domin littafi ne da aka daɗe ana karantarwa a makarantun ƙasashen da ke amfani da Faransanci, kuma jawabin dattijuwar ya fi kaifi a harshen da aka rubuta shi. Kafin ka miƙa masa, ka ɗauki dare biyu ka karanta kashi na farko da kanka, sannan ka rubuta masa sunansa da kwanan wata a shafin farko.