Gargaɗi ga masu injinan aiki: an sayar mini da ruwa a duron gas, N420,000 ta tafi, feloda ta kwanta

Assalamu alaikum jama'a. Duk mai feloda, tifa, injin bulo ko janareta da ke sayen gas a duro a cikin Kano da kewaye, don Allah ya tsaya ya karanta wannan. Akwai wani mutum da ke bin wuraren gini da wata tsohuwar a-kori-kura, yana kai wa mutane gas har inda suke aiki. Abin da ke cikin duronsa mai ne a sama, ruwa a ƙasa. N420,000 na tura masa, kuɗin duro biyu, lita 400, a kan N1,050 kowace lita. Yanzu haka da nake wannan rubutu ƙaramar felodata, Bobcat S185 mai injin Kubota, wadda da ita nake ciyar da gidana da gidajen yaran da ke aiki a ƙarƙashina, ba ta daɗe da tashi daga jinya ba, kuma gyaran kaɗai ya ci N385,000. Ku haɗa da kanku.

Wallahi raina a ɓace yake, don haka idan labarin ya zo a hargitse ku yi haƙuri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gorar nan. Har yanzu ina ganinta. Ya buɗe murfin duron da kansa, ya zura guntun tiyo, ya tsiyayo man a cikin farar gorar roba, ya ɗaga ta sama wajen haske ya ce, "Alhaji, duba da idonka. In ka ga ko ɗigon ruwa, na yafe kuɗin." Na karɓa, na duba, na girgiza, na sunsuna. Garai-garai yake, babu laka, babu gajimare, ƙanshinsa na gas. Na ce a buɗe na biyun, ya buɗe ba musu, har yana murmushi. Shi ma haka. To don Allah wane ne a cikinku zai ga haka ya ce a'a? Ashe tiyon bai wuce taƙi ɗaya ba a cikin duron. Daga sama ya ɗebo mini. Ya san abin da yake yi sarai, shi ya sa ya riga ni miƙa hannu ga tiyon.

Kuma ba ranar na fara ganinsa ba, wannan nake so masu cewa na yi gaggawa su ji. Tun ana sanyi yake kawo mana gas a jarka, mai lita 25, wani lokaci biyu wani lokaci huɗu, kuma ba mu taɓa samun matsala ba ko sau ɗaya. Mai gadin filin ya san shi. Direbobin tifa da ke kawo mana yashi da burji sun san shi, wasu ma suna saye a wajensa. Idan lokacin salla ya riske shi a wajenmu, tare muke yi, sahu ɗaya. Ranar da ya kawo duron ma sai da muka yi Magariba tare kafin a sauke. Babban yaya yake ce mini wani lokacin, wani lokacin Alhaji. Mutumin da ya ɗauki watanni yana kawo maka kaya mai kyau, me zai sa ka zarge shi? Yanzu na gane jarkokin nan duk tarko ne, yana gina amana ne har ranar da zan sayi mai yawa.

Wani ya ce mini wai kwaɗayin araha ne ya ja mini. Wace araha? A lokacin gidajen mai na kusa da mu N1,200 suke sayarwa, shi ya ba ni N1,050. Ragin N150 a lita, N60,000 a duka. Wannan ragi ne irin wanda duk mai sayen sari yake samu, ba irin wanda zai sa ka ja da baya ba ne. Gas ba shi da tsayayyen farashi na gwamnati, kowa da yadda ya samo nasa. Da ya ce mini N700 ai da na kore shi. Kuma duk wanda ke wannan sana'a ya san tun 2022, da lita ta tashi daga wajen N300 ta haura N800 cikin 'yan watanni, kuɗin gas ne ke cinye rabin abin da inji ya samo. N60,000 albashin yaro ne. Sannan masu cewa me ya hana ni zuwa gidan mai, ku fahimta: wannan injin ba mota ba ne. Gudunsa bai wuce kilomita 11 zuwa 12 a awa ba, ba a hawa titi da shi a je layi. Kowa a jarka ko a duro yake kai masa mai. Haka ake yi ko'ina.

Na dawo kan abin da ya faru. A'a, tukuna, maganar asusun. Da na zo tura kuɗin sai ya ce asusunsa na da matsala, in tura a na ƙaninsa. Sunan da ya fito daban, amma ya ce ai uwa ɗaya ce ba uba ɗaya ba, ya kira wani a waya a gabana, aka tabbatar alat ya shiga. N420,000 cif. Hoton tiransfar na nan a wayata, da saƙonnin muryarsa na WhatsApp, har da wanda yake rantsuwa cewa man daga defo yake kai tsaye. Duk zan ɗora su.

A daren nan yarona mai tuƙa injin ya zura famfon hannu a duro na farko ya cika tanki. Tankin na cin kusan lita 90, kuma ya yi ƙasa sosai a ranar. Ga inda mugun abin yake. Bututun famfon duro har gindi yake kaiwa. Ruwa kuwa ya fi gas nauyi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta gas ba ta wuce giram 830 zuwa 850 ba, don haka duk inda suka haɗu ruwa ne ke kwanciya a ƙasa. Ke nan abin da famfon ya fara zuƙowa ya tura cikin tankina ruwa ne tsagwaronsa, cikin duhu, ba wanda ya gani. Yanzu na gane dalilin da ya sa ya ƙi zuwa da rana, ya yi ta cewa motarsa ce ta ba shi matsala a hanyar Zariya.

Da safe yaron ya yi abin da yake yi kullum. A gindin filtar mai akwai ɗan makunni da ake sassautawa a zubar da ruwan da ta tara, littafin injin ma cewa ya yi a riƙa yi kowace rana kafin fara aiki, kuma ni na koya masa, ba ya tsallakewa. Ya sassauta, gas mai kyau ya fito, saboda abin da ke cikin filtar da tiyo na jiya ne. Ya tayar, ta tashi lafiya. Bai gama ɗiban bokiti na uku ba ta fara kakkarwa, ƙarfi ya tafi, farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, sai ta mutu da bokiti a sama cike da burji. Ya kira ni murya na rawa, "Oga, mashin ta tsaya, kuma ruwa ne ke fita a filta, ba ya ƙarewa." Kafin ya kira ya ɗan yi ta murza makulli ko za ta tashi, kuma ban ga laifinsa ba, kowane direba haka zai yi. Sai dai duk murzawa ɗaya ƙara tura ruwan take yi cikin famfon inji da nozul, wato kawunan da ke fesa mai cikin injin.

Na kira mutumin nan take. Ya ɗauka.  Ya ce, "Haba Alhaji, ba kai ka duba da idonka ba? Ruwan sama ne ya shiga tankinka, ko kuma raɓa." Raɓa! Na san tanki idan ana barinsa rabi yana yin gumi daga ciki, dare ya yi sanyi rana ta yi zafi, ruwa ya taru kaɗan-kaɗan, shi ya sa ma muke cika namu da yamma bayan an tashi aiki. Amma wannan abin cikin kofin shayi ne a tsawon lokaci. Abin da muka zubar daga tankina ya haura lita 30. Wace raɓa ce ke tara lita 30 a dare ɗaya? Murfin tankin da robarsa lafiya lau, bakanike ya duba a gabana. Injin a ƙarƙashin rumfar kwano yake kwana. Kuma ba a yi ruwa ba a makon gaba ɗaya.

Abin da ya kashe bakin maganar shi ne duro na biyu, wanda ba mu taɓa ba tun bayan da shi da kansa ya rufe. Bakaniken, wani dattijo da ya daɗe a kan manyan injina, ya zo da wani kirim da masu tankar mai ke amfani da shi, Kolor Kut. Ya shafa a jikin doguwar sanda ya zura har gindin duron. Kirim ɗin launin ruwan ƙasa ne mai ɗan haske, in ya taɓa ruwa sai ya koma ja. Da ya zaro sandar, ƙasanta ja wur. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan zubawa aka yi." Muka zuƙe daga ƙasa muka auna: jarka ɗaya da rabi, ruwa zalla. Duro biyu ke nan kusan lita 75. Lita 75 a kan N1,050, N78,750 na biya kuɗin ruwan da ɗan garuwa zai kawo mini har gida a kan 'yan canji. Na yi bidiyon sandar, na yi na jarkokin. Suna nan.

Ni ba N78,750 ɗin ce ta dame ni ba. Don ya ci wannan ya jawo mini asarar da ta ninka ta sau nawa. Bakaniken bai samu zuwa a ranar ba, yana wani aiki a wajen gari, injin ya kwana biyu da ruwa a cikinsa. Shi famfon inji da nozul ba su da wani man shafawa sai gas ɗin da ke bi ta cikinsu, shi ne ke sa ƙarfen ya zame. Ruwa ba ya wannan aikin, gogar ƙarfen yake sawa, in ya zauna kuma tsatsa. Kuma idan ya kai bakin nozul cikin zafin nan sai ya zama tururi, yana iya fasa kan. Da aka kwance, nozul biyu sun tafi, biyun ma ya ce kar mu yaudari kanmu, a canza duka huɗun. Aka kai famfo wajen masu gwaji. Aka zuƙe tanki kaf, aka wanke shi, aka busar, aka hure tiyoyi, aka ɗauraye da gas mai kyau. Ya ce in aka bar ko kaɗan a gindin tanki, a tsakanin ruwan da man wata baƙar yauƙi ke tsirowa, ta riƙa toshe filta wata da watanni. Filta sabuwa, bayan ɗan aiki aka sake cire ta aka sa wata. Sannan aka yi ta matsa robar famfon hannu ana fitar da iska kafin ta yarda ta tashi. Na yi sintiri kasuwar Ƙofar Ruwa neman kaya har na gaji. N385,000. Ban sa kuɗin hayar da na rasa ba, ban sa kunyar da na sha wajen ɗan kwangilar ba, wanda ya ɗauko injin wani ya ƙarasa aikin da ni aka ba. Mutumin da muka shekara muna aiki tare, ya kalle ni ya ce, "Alhaji, ni aiki nake so, ba labari ba." Kuma gaskiyarsa ce.

Na manta ban faɗa ba, kafin bakaniken ya zo na sake kiran mai gas ɗin, ya ce yana tafe da La'asar mu duba tare, in laifinsa ne zai biya har gyara. Na zauna a filin har aka yi Isha. Washegari waya a kashe. Daga baya ta shiga, ba a ɗauka. Yanzu ya toshe ni a WhatsApp. Inda ya ce mini shagonsa yake, na je, mai shayin wajen ya ce ai ba shago gare shi ba, fakin kawai yake yi a nan wani lokaci. Kuma ba ni kaɗai na zo nemansa ba, wani mai gidan bulo ya riga ni, shi janaretansa aka kashe.

Kullum sai na dawo kan gorar nan. "In ka ga ko ɗigon ruwa, na yafe kuɗin." Da bakinsa, da alwalarsa, minti kaɗan bayan mun sallame salla. Ni na yi abin da mai hankali zai yi. Na duba, na sunsuna, na sa an buɗe duka biyun, na yi ciniki da wanda na sani. Shi ne ya ci amana, kuma ban yafe ba. N420,000 da N385,000, N805,000 ke nan, Allah ya isa tsakanina da shi.

Na kai ƙara wajen 'yan sanda da lambar asusun, na sanar da bankina, kuma zan rubuta wa hukumar NMDPRA tunda ita ke kula da harkar mai. An ce in dakata da sa sunansa da hotonsa har a kama shi, shi ya sa ban sa ba. Amma hoton tiransfa da bidiyon sandar zan ɗora su da daddare in na rufe lambobin.

Ku kuma: kar ku yarda mai sayarwa ya ɗebo muku samfur, ku zura tiyonku har gindin duro. Kar ku karɓi gas da duhu. Ku bar duro ya kwana ya kwanta kafin ku zuba, kuma kar bututun famfo ya taɓa ƙasa. In inji ya yi farin hayaƙi ya mutu bayan sabon mai, a cire hannu daga makulli, a kira bakanike a ranar. Wanda duk mai a-kori-kurar nan ya taɓa yi wa haka ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ina tara mu ne mu je tare.