Faifan Cream: Wanne Za Ka Fara Saya, Kuma a Wane Bugu?

Ƙungiyar Cream ba ta cika shekara uku a duniya ba. An kafa ta a Landan a tsakiyar 1966, ta yi wasanta na bankwana a zauren Royal Albert Hall ranar 26 ga Nuwamba, 1968. Mutum uku ne kacal: Eric Clapton a jita, Jack Bruce a jitar bes da yawancin waƙa, sai Ginger Baker a ganguna. Kundi huɗu suka bari, amma wanda ya shiga kasuwa yau zai tarar da faifai fiye da ashirin ɗauke da sunansu, kuma da yawa abu ɗaya ne aka sauya wa riga. A nan kuɗin mutane ke salwanta.

Kafin ka zaro ko sisi, ka san cewa Cream kusan ƙungiya biyu ce a jiki ɗaya. A sitidiyo waƙoƙinsu gajeru ne, minti uku zuwa biyar, masu tsari da amshi. A kan dandamali kuwa waƙar minti huɗu tana iya komawa minti goma sha shida, kowa na jan zarensa, mai bes da mai ganga suna kokawa da juna kamar masu tsohuwar gaba. Kuma da gabar: Baker da Bruce sun yi ta rigima tun suna ƙungiyar Graham Bond, har sai da Baker ya sa aka kori Bruce. Clapton, wanda ya fito daga Yardbirds da ƙungiyar John Mayall, shi ya kafa sharaɗin cewa sai da Bruce zai shiga. Mai son Cream ta sitidiyo yakan gaji da ta dandamali tun a minti na takwas, mai son ta dandamali kuma yakan ga ta sitidiyo kamar shayi ba siga. Sai ka tantance wanne ne kai.

Ga wanda bai taɓa jinsu ba, Disraeli Gears na Nuwamba 1967 shi ne ƙofar shiga. Waƙa goma sha ɗaya ce, minti talatin da ɗan ɗoriya, babu ta dandamali ko ɗaya. An ɗauke shi cikin 'yan kwanaki a watan Mayu 1967 a sitidiyon Atlantic da ke New York, Felix Pappalardi yana jagorantar aikin, Tom Dowd yana kan na'ura, shi ya sa sautinsa ya fi na kundin farko tsafta nesa ba kusa ba. A ciki ne "Sunshine of Your Love" da "Strange Brew" da "Tales of Brave Ulysses" suke. In CD za ka saya, nemi bugun 2004 mai faifai biyu, domin yana ɗauke da haɗin sautin mono (na lasifika ɗaya) da na sitiriyo (na lasifika biyu) duka, da wasu da aka ɗauka a BBC. Bugun 1998 mai faifai ɗaya ma bai da laifi in aljihu bai kai ba.

Amma in faifai ɗaya tak za ka mallaka har abada, Wheels of Fire na 1968 ya fi cancanta, saboda shi kaɗai ya haɗa fuskokin biyu. Tagwayen faifai ne. Na farko na sitidiyo, waƙa tara, ciki har da "White Room" da "Politician". Na biyu waƙa huɗu ne kawai, an ɗauke su a San Francisco a Maris 1968: "Crossroads" mai minti huɗu da 'yan daƙiƙu, "Spoonful" da ta haura minti goma sha shida, "Traintime" wajen minti bakwai, sai "Toad", wadda kusan dukkanta Baker ne shi kaɗai da gangunansa na tsawon minti goma sha shida. An rubuta a bango cewa a zauren Fillmore aka ɗauka, alhali "Toad" ce kawai aka ɗauka a can, sauran ukun a zauren Winterland ne.

Akwai tarko a nan. A Ingila an sayar da kundin a haɗe, an kuma raba shi an sayar da kowane faifai daban, ɗaya da sunan In the Studio, ɗaya da sunan Live at the Fillmore, kuma zanen bangonsu ya yi kama da na cikakken. Mai sayen gwanjo ta intanet da ya ga araha ya yi wuf, sai kaya sun iso ya ga rabi ya saya. Ka duba an rubuta 2LP (faifan garmaho biyu) ko 2CD, ka kuma ƙirga waƙoƙin: goma sha uku ne cikakke.

Fresh Cream, kundinsu na farko na Disamba 1966, shi ne ya fi buƙatar lura, kuma matsalarsa iri biyu ce. Ta farko jerin waƙoƙi. Bugun Ingila na kamfanin Reaction yana da "Spoonful" ta sitidiyo amma babu "I Feel Free", domin a lokacin al'adar Ingila ita ce waƙar da aka fitar a ƙaramin faifai ba a maimaita ta a babba. Bugun Amurka na Atco ya saka "I Feel Free" ya cire "Spoonful". Yawancin CD na baya sun haɗa biyun, don haka mai CD ya huta. Ta biyu ita ce haɗin sauti. A bugun sitiriyo an cunkushe ganguna da bes a ɓangare guda a waƙoƙi da dama, ɗaya ɓangaren ya zama fayau. A lasifika biyu da ke nesa da juna abin da sauƙi, amma ka sa iyafis ka zare na kunne ɗaya, za ka ji rabin ƙungiyar ya ɓace. Mono ya fi kauri da ƙarfi, kuma shi aka fi ba kulawa a 1966, tun da yawancin masu saye a lokacin lasifika ɗaya gare su. A faifan garmaho na asali lambar Reaction 593 001 ita ce mono, 594 001 sitiriyo. Haka ma a Disraeli Gears: 593 003 mono, 594 003 sitiriyo. Wanda ba ya son wahalar farautar tsohon bugu, akwai akwatin 2017 mai CD uku da Blu-ray ɗaya, mono da sitiriyo duk suna ciki, sai dai ya yi wa mai ɗanɗanawa yawa.

Goodbye na Fabrairu 1969 ya fito bayan ƙungiyar ta watse. Waƙa shida, minti talatin, uku daga wasan Los Angeles na 19 ga Oktoba, 1968, uku na sitidiyo. "Badge" ce abin nema a ciki, wadda Clapton ya rubuta tare da George Harrison na Beatles, Harrison ya kuma kaɗa jita a cikinta, aka sa masa sunan ɓoye a bango saboda yarjejeniyar kamfani. Kundin ya kai na ɗaya a Ingila, amma a bar shi ya zama na ƙarshe a saye.

Idan ka lissafa kundi huɗun nan, ka ƙara Live Cream na 1970 da Live Cream Volume II na 1972, faifai shida ke nan, kuɗin aikowa shida in ba wuri ɗaya ka same su ba. Akwatin Those Were the Days na 1997 ya tattara kusan duk wannan a CD huɗu, biyu na sitidiyo, biyu na dandamali, har da waƙoƙin da ba su shiga kundi ba irin su "Wrapping Paper" da "Anyone for Tennis". Ga mai son ya mallaki komai a tashi ɗaya, babu cinikin da ya fi wannan. Illarsa ita ce an ware na dandamali gefe guda, don haka tsarin Wheels of Fire da Goodbye yadda aka fitar da su ya wargaje. Kuma in ka saye shi, kada ka sake sayen Gold na 2005 ko The Very Best of Cream na 1995, maimaici ne zalla. Waɗannan biyun na wanda ba ya son akwati ne: The Very Best faifai ɗaya mai waƙa ashirin, Gold faifai biyu, ɗaya sitidiyo ɗaya dandamali. A duk wani tarin zaɓaɓɓu, ka duba tsawon waƙa. "White Room" cikakkiya ta kusa minti biyar, "Sunshine of Your Love" ta ɗan haura huɗu. In ka ga minti uku, wadda aka datse don gidajen rediyon Amurka ce.

Masu son dandamali zalla suna da Goodbye Tour Live 1968 da ya fito a 2020, cikakkun wasanni huɗu a CD huɗu: Oakland, Los Angeles, San Diego da Royal Albert Hall. Uku na Amurka sautinsu garau. Na Landan ya fi rauni sosai, kada ya zama shi ne dalilin sayenka. Fim ɗin wannan wasan bankwana ma haka yake, kyamara na ta zuƙowa da ja da baya, hoto ba ya tafiya daidai da sauti a wurare, ga mai sharhi yana magana a kan kiɗa. Wasan da suka sake haɗuwa a zauren a ranakun 2, 3, 5 da 6 ga Mayu, 2005 an ɗauke shi da kyau, hoto da sauti, amma dattawa ne: Clapton na da 60, Bruce 61 kuma bai daɗe da dashen hanta ba, Baker 65. Clapton da jitar Fender ya yi wasan maimakon jitar Gibson da lasifikan Marshall na da, don haka amon jitar ya fi siriri, kuma babu wannan kokawar ta minti goma sha shida. In DVD ne, ka tuna akan kulle faifai ga na'urorin shiyya guda: Najeriya da Nijar suna shiyya ta 5, Amurka ta 1, Ingila ta 2. Sai ka nemi wanda aka rubuta shiyya 0, ko na'urarka ta zama mai karɓar kowace shiyya.

Batun garmaho ko CD, gaskiya CD ya fi dacewa da mafi yawan mutane, musamman a ƙasar zafi. Faifan garmaho roba ne, awa ɗaya a mota a rufe cikin ranar Afrilu ta isa ta lanƙwasa shi, kuma da wuya ya miƙe. A tsaye ake ajiye shi kamar littafi, ba a jibge wani kan wani. Ƙurar hunturu tana shiga cikin layukansa, allura ta bi ta niƙa ta, shi ne ƙaf-ƙaf ɗin da ake ji, don haka buroshi mai laushi da rigar ciki ta leda wajibi ne. Nauyin allura ya tsaya inda mai ita ya ce, galibi tsakanin giram 1.5 da 2.5. 'Yan ƙananan na'urorin nan masu kamar jaka sukan danna giram biyar ko fiye, ba a ɗora musu faifan 1967. Akwai kuma abin da ake mantawa: tsohuwar na'urar Amurka an yi ta ne don wuta 120 mai bugun 60, tamu kuwa 230 ce mai bugun 50. Taransifoma za ta gyara ƙarfin wutar, amma in injin na'urar da bugun wuta yake ƙirga gudunsa, faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti zai koma wajen 28, muryar Bruce ta yi ƙasa kamar mai jin barci. Ka sayi ta Turai, ko wadda ke da na'urar daidaita gudu a cikinta.

Wajen sayen gwanjo a kasuwannin intanet irin Discogs, ana rubuta daraja biyu, ta faifai da ta bango. Kada ka sauka ƙasa da darajar VG+ (wato mai kyau sosai) a faifan, musamman a ɓangarorin da kiɗa ke yin shiru kamar "As You Said", inda kowane ƙarce ke fitowa fili. Ka roƙi hoton tambarin tsakiya da lambar da aka zana a santsin da ke kusa da shi, ita ke nuna ainihin bugun. Tambarin RSO mai hoton saniya bugun baya ne na shekarun 1970, yana da kyau a saurare amma ba a biyan kuɗin na asali a kansa. Rubutun "giram 180" a sabon bugu nauyin roba kawai yake faɗa, bai ce komai ba game da faifan sautin da aka kwafo.

Wanda "Toad" ta kama shi yana da inda zai zarce. Bayan Cream, Baker ya ratsa Sahara da mota a 1971 zuwa Najeriya, ya zauna a Legas, daga baya ya buɗe sitidiyon ARC a Ikeja. A 1971 ɗin ne aka ɗauki faifan Live! na Fela Kuti da Africa 70 tare da shi. Ka nemi bugun CD da aka ƙara wa karawar ganguna tsakaninsa da Tony Allen, mai gangar Fela, a Berlin a 1978, minti goma sha shida ita ma, domin faifan garmaho na asali waƙa huɗu kawai gare shi, babu ita a ciki.