Katako ko Ƙaho: Sabon Mariƙi ga Wuƙar Aljihu

Wanda mariƙin wuƙarsa mai naɗewa ya tsage, kuma yake son sauya ɓangarorin mariƙin biyu da hannunsa a nan Legas, yakan tsaya tsakanin katako da ƙahon shanu.

Katako ya fi sauƙin aiki. Ana ɗora tsohon ɓarin a kansa a zana, a yanka, a huda ramukan ƙusoshi daidai inda suke, sannan a goge da samfefa. Matsalarsa ita ce laimar wannan gari, domin idan bai sha mai sosai ba yakan kumbura da damina har ya matse wuƙar ta ƙi buɗuwa, shi ya sa itace mai tauri kamar maɗaci ko kanya ya fi dacewa.

Ƙaho kuwa ana samunsa a mayankar Oko-Oba da ke Agege, amma yana bukatar haƙuri. Sai an tsaga shi, an tausasa shi da zafi, an danne shi ya miƙe, kuma ko bayan haka yakan so komawa lanƙwasarsa ta asali idan bai bushe da kyau ba. Ni dai shi na fi so, saboda sheƙin da yake yi bayan gogewa babu katakon da ya kai shi.