Kawu, ga labarin kaya da hidima a Amurka, da abin da na gani a cikin cokalin ƙasa

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka. Ya damina, ya ruwan fadama? Ka ce in rubuto maka yadda kaya da hidima suke a nan, musamman na makaranta. Na jinkirta ne don in cika shekara biyu ina gani da idona.

Bari in fara da kasuwa. Albasa a nan da awo ake sayar da ita, manya-manya, fes da su, amma sai ka yanka uku ba ka ji ƙamshin guda ɗaya ta Aliero ba. Shinkafa tana zuwa a leda, babu tsakuwa babu ƙaiƙayi, ba ka buƙatar rairaya, sai dai ɗanɗanon sabuwar shinkafar Argungu ban same shi ba har yau. Kifi yawanci daskararre ne. Ta fannin abinci dai ba su fi mu ba, sun fi mu ajiya da tsabtar shiryawa ne kawai.

Hidima kuwa akasin tamu ce. Duk abin da hannun mutum zai taɓa yana da tsada: aski, ɗinki, gyaran mota. Da gilashin wayata ya fashe, kuɗin gyara ya kusa kai kuɗin wata wayar, sai na tuna yaran nan masu gyaran waya a Birnin Kebbi da za su gama maka kana tsaye. Asibiti in ba ka da inshora, Allah Ya kiyaye. Wuta ce ba ta ɗaukewa. Tun zuwana sau ɗaya aka ɗauke, shi ma guguwa ce ta kayar da itace a kan waya.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. A ɗakin gwaje-gwajenmu, in sinadari ya ƙare, a kwamfuta ake yin odarsa, cikin kwana biyu ko uku ya iso. Safar hannu da farantan roba sau ɗaya ake amfani da su a jefar, abin da har gobe yake sosa mini rai, don na san yadda muka riƙa wanke faranti ɗaya na gilashi muna lallaɓa shi kamar ƙwai. Akwai firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, wadda ke riƙe ƙwayoyin bakteriya da rai shekara da shekaru. Da farko na ɗauka waɗannan kayan su ne dukan bambancin da ke tsakaninmu. Sai da aka ba ni aikin taimaka wa malami a ajin 'yan shekarar farko na gane ba nan gizo ke saƙa ba.

Ka tuna furojet ɗina na shekarar ƙarshe a gida. Taken bincike aka miƙo mini, wanda an yi irinsa a gabana, amsarsa tana cikin kundayen da ke jibge a laburare. Muka yi karo-karo muka sayi sinadari, wuta ta tafi kwana uku, samfurina ya lalace. Shekara uku kafin nan, furaktikal a wurinmu shi ne mu yi cincirindo a kan madubin ƙara girma guda ɗaya, kowa ya leƙa ya zana abin da ke cikin littafi. Ban zargi malamaina ba, da abin da ke hannunsu suka yi. Amma na fita da digiri ban taɓa tambayar da ba a riga an san amsarta ba.

A nan, makon farko ake ce wa kowane ɗalibi ya ɗebo cokalin ƙasa daga inda ya ga dama: bayan gidansu, gindin bishiya, bakin rafi. Ya dama ta da ruwa, ya tsarma, ya shafa a faranti mai abincin bakteriya, wanda ake daskarar da shi da aga, wani abu mai kama da kamu da ake samu daga ciyawar teku. Bayan kwana biyu zuwa uku sai ɗigo-ɗigo su tsiro, fari, rawaya, ja. Ya tsinci kowanne ya dasa shi a kan wata bakteriyar marar cutarwa, 'yar uwar masu sa cuta a asibiti. In ya ga da'ira fayau ta kewaye ɗigon, to wannan ƙwayar tana fitar da abin da ke kashe maƙwabciyarta. Ta wannan hanyar aka samo maganin tarin fuka na farko, sitireftomaisin, a 1943, kuma ɗalibi mai neman digirin digirgir, Albert Schatz, shi ya ware ƙwayar a ɗakin gwaje-gwajen Selman Waksman.

Wata yarinya 'yar shekara 18 ta kawo mini farantinta hannunta na rawa, ta ce, "Daidai ne wannan?" Na ce mata babu littafin da za mu buɗe, domin kafin ke babu wanda ya taɓa duba ƙasar bayan gidan kakarki. Kawu, da ka ga fuskarta. Gwajinta na biyu bai yi ba, na uku ma haka, kuma ba a rage mata maki ba. Abin da ake dubawa shi ne ta rubuta abin da ta yi, ta faɗi dalilin da take zato, ta sake. Ranar Asabar da babu aji sai ga ta ta zo duba faranti.

Wannan darasi Farfesa Jo Handelsman ce ta kafa shi a Jami'ar Yale a 2012, daga baya ya ci gaba da sunan Tiny Earth daga Jami'ar Wiskonsin a 2018. Amma wadda aikinta ya fi buɗe mini ido ita ce Farfesa Erin Dolan ta Jami'ar Jojiya. Ita bincikenta a kan binciken ɗalibai ne: wa ke samun dama, me yake ƙaruwa da shi, ta yaya za a auna. Tsohon tsari a nan irin na yaron shago ne. Farfesa ya ɗauki ɗalibi ɗaya ko biyu su koyi aiki a gefensa, kuma tun 1987 hukumar kimiyya ta ƙasar take biyan ɗalibai su yi irin wannan a hutun bazara. Tsarin yana da kyau, amma guraben kaɗan ne, kuma ɗan da iyayensa suka yi jami'a shi ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Ɗan talaka da ke aikin kanti bayan lacca ba ya ma jin labari. Shi ya sa Farfesa Dolan da abokan aikinta suka dage a kai bincike cikin aji na yau da kullum, inda duk wanda ya yi rajista zai taɓa. A 2012 ta kafa CUREnet, zauren da malamai ke musayar irin waɗannan darussa. A 2014 suka fitar da sharuɗɗan da ke raba wannan aji da furaktikal na gargajiya, kuma biyu daga ciki su suka fi zauna mini: amsar ta zama ba a san ta ba, kuma a ba ɗalibi damar faɗuwa ya maimaita.

Ba su tsaya ga yabo ba, sun ƙirga. A 2016 suka wallafa nazari kan shirin binciken 'yan shekarar farko na Jami'ar Teksas da ke Ostin, wanda aka fara a 2005. Suka gwada waɗanda suka kammala shirin da takwarorinsu masu irin makinsu da irin asalinsu. Yiwuwar fita da digirin kimiyya ta tashi daga kashi 71 zuwa kashi 94, ta kammala karatu cikin shekara shida kuma daga kashi 66 zuwa kashi 83. Ka san ni da son a kawo hujja, wannan ta gamsar da ni. Kuma na ƙara ganin girmanta da na karanta wani nazarinsu na 2019 kan munanan masu duba ɗalibai, wanda ke ɓacewa ba a ganinsa, da mai wulaƙanci, da mai mai da ɗalibi ɗan aike. Ashe ciwon nan ba namu ne mu kaɗai ba, su dai sun zauna sun rubuta shi don a gyara.

Kada ka ce aikin yara wasa ne. Akwai wani shirin, SEA-PHAGES, da aka fara a 2008 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Graham Hatfull, inda ɗalibai ke tono bairas masu cin bakteriya daga ƙasa. A 2019 aka ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 15 a Landan, wadda wata bakteriya mai bijire wa magani ta kama bayan dashen huhu, aka yi mata magani da irin waɗannan bairas guda uku daga ma'ajiyar ɗalibai, ta samu sauƙi. Ɗaya daga ciki a Durban ta Afirka ta Kudu aka samo shi, a jikin ruɓaɓɓen gauta.

Tun ranar da na ji haka hankalina ya koma fadamar gida. Na so a aiko mini da ƙasarta, sai na tarar doka ta hana shigo da ƙasa Amurka sai da izini na musamman. Na ce to, dama can ya kamata a duba ta. Tambayoyi kuwa ga su nan birjik. Manoman Aliero duk shekara suna asarar albasa a rumbu saboda ruɓa. Wace ƙwaya ce a ƙasarmu ke hana funfunar da ke ruɓar da ita yaɗuwa? Maƙwabtanmu na Zamfara sun binne yara sama da 400 a 2010 saboda gubar dalma a Anka da Bukkuyum. Ɗaliban da suka taso a wannan yanki sun fi kowa cancantar koyon gwada ƙasa da ruwa tun suna aji ɗaya.

Ga abin da nake roƙonka, Kawu, ka gwada da ajinka zango ɗaya. Farantan gilashi sun isa, ana wankewa a sake. Tukunyar tururi ta girki tana kai zafin digiri 121, minti 15 zuwa 20 a kan gas ya kashe komai, kafin aiki da bayansa. Bakteriyar ƙasa ba ta buƙatar na'urar ɗumama, zafin ɗaki ya wadace ta, sai dai ka guji Maris da Afrilu lokacin da zafinmu ke haura digiri 40. Ƙarshen damina zuwa hunturu ya fi. Faranti in ya tsiro a naɗe bakinsa, kada yaro ya buɗe ya shinshina, kuma kada a kusanci ƙwayar cuta ta gaskiya. Inda za ka sha wuya shi ne ajiya, tunda firiza ba ta da tabbas sai da sola, da kuma lokacinka, don duba littafin ɗalibi hamsin kowane mako ba ƙaramin aiki ba ne. Ka raba su biyar-biyar, ka ɗauko 'yan ajin ƙarshe biyu su taya ka.

Na sayi garin aga da safar hannu da madaukan waya na dasa ƙwaya, zan ba wani ɗan garinmu da zai taho wata mai kamawa ya kawo maka, tare da takardar matakan da na rubuta da Hausa. In kun fara, ka ɗauko mini hoton farantin farko ta WhatsApp, ko da bai tsiro da kyau ba. Ka gaida Inna da Gwaggo, ka ce wa Inna yajin da ta ba ni ya kusa ƙarewa.

Ɗanka, daga Amurka.