Firefox a kwamfutar da kowa ke hawa: abin da take gogewa da abin da take bari

Duk mai shagon buga takardu da cike fom a Kaduna, musamman mu da muke Tudun Wada kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ya san hannun mutane nawa ke taɓa kwamfuta guda tsakanin hantsi da magariba. Ɗalibi zai zo duba sakamakon WAEC ko NECO, mai shirin bautar ƙasa zai zo buga takardar kiransa, ma'aikaci kuma zai buɗe imel ya tura wata takarda ofis, kuma galibinsu da sun gama sai su biya su tashi ba tare da sun fita daga asusunsu ba. Da wannan ma'aunin na auna Firefox, burauzar kamfanin Mozilla, wato manhajar buɗe shafukan intanet, da ake saukewa kyauta. Sauri da kyawun fuska ba su ne damuwata a nan ba; abin da na sa wa ido shi ne yadda take tafiyar da kukis da sauran abubuwan da shafukan intanet ke ajiyewa a cikin na'ura.

Kuki ɗan guntun rubutu ne, wanda bai cika wuce bayit 4,096 ba, da shafi ke miƙa wa burauza ta adana, ita kuma ta riƙa mayar masa da shi duk sa'ad da ta sake neman wani abu a wurinsa. Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994, domin ƙa'idar da shafuka ke tafiya a kanta ba ta iya tuna wanda ya zo ɗazu. Aikinsa ya yi kama da na katin asibiti: lamba ce kawai a jikinsa, fayil ɗin yana can ɗakin ajiya, amma duk wanda ya miƙa katin shi za a ciro wa fayil. Shi ya sa wanda ya zauna a kujerar da ɗalibi ya tashi zai iya tarar da imel ɗin ɗalibin a buɗe, alhali bai san ko harafi ɗaya na kalmar sirrinsa ba.

Kukis kuwa ba su kaɗai ba ne, kuma a nan masu shaguna da yawa ke tuntuɓe. Akwai ma'ajin da ake kira localStorage, wanda ke ɗaukar kimanin megabayit 5 ga kowane shafi, ba a tura abin da ke cikinsa ga sabar shafin, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, kai tsaye, kuma ba shi da ranar ƙarewa. Akwai sessionStorage da ke ɓacewa idan an rufe tagar shafin, sannan akwai IndexedDB, wanda ke iya ɗaukar bayanai masu yawan gaske, kuma shi ne irin ma'ajin da manhajoji masu aiki a cikin burauza kamar WhatsApp Web suke dogara da shi. Wanda ya haɗa WhatsApp ɗinsa da kwamfutar shago domin ya ciro hoton fasfo, ya tafi bai cire haɗin ba, ya bar hirarrakinsa a gaban duk mai zuwa. Abu na farko da na yaba wa Firefox shi ne ba ta ɓoye waɗannan ma'ajiyoyi. Idan aka danna Shift tare da F9 a kan kowane shafi, jeri zai buɗe a ƙasa mai nuna sunan kowane kuki, abin da ke cikinsa, wanda ya ajiye shi da ranar ƙarewarsa. Na nuna wa yaron shagona wannan jeri a kan wani shafin labarai, ya ga sunayen kamfanonin talla da bai taɓa ziyartar shafinsu ba, sai ya ce, "Oga, su waɗannan wa ya gayyato su?" Amsar ita ce mai shafin ne ya gayyato su, tun ranar da ya saka tallarsu da maɓallansu a shafinsa.

Maganin waɗannan baƙin shi ne babban abin da Firefox ke tinƙaho da shi. Tun Satumban 2019 take toshe kukis ɗin kamfanonin da aka sani da bibiyar mutane ba tare da an nemi ta yi ba. A Fabrairun 2021 ta fito da tsarin Total Cookie Protection, a Yunin 2022 kuma ta kunna shi ga duk masu amfani da ita a kwamfuta, masu wayar Android suka samu a 2023. Tsarin ba ya hana kamfanin talla ajiye kuki, sai dai yana ware wa kowane shafi ma'ajinsa daban, ta yadda kukin da kamfanin ya ajiye a shafin labarai ba zai gan shi ba idan mutum ya koma shafin sayayya. Ke nan ba zai iya haɗa tafiyar biyu ya gane mutum ɗaya ne ba. Safari ta Apple ta toshe irin waɗannan kukis gaba ɗaya tun Maris na 2020, amma wa ke da kwamfutar Apple a shagon cike fom? Google kuwa ta yi alkawari a Janairun 2020 cewa za ta kawar da su daga burauzarta Chrome cikin shekara biyu, ta yi ta ɗage wa'adin, har a Yulin 2024 ta sanar da cewa ta sauya shawara. A wannan fagen Firefox tana gaba, kuma ban ga abin jayayya a ciki ba.

Sai dai ga mai shago, kamfanin talla na Amurka ba shi ne barazana ta kusa ba. Mutumin da ke tsaye yana jiran kujera ya fi kusa. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne zaɓin da ke sashen sirri da tsaro, wanda ke sa Firefox ta goge kukis da duk bayanan shafuka a lokacin da aka rufe ta. Ya haɗa da localStorage da IndexedDB, ba kukis kaɗai ba. Muddin an rufe burauzar tsakanin mai tashi da mai zama, asusun kowa ya rufu. Akwai wani zaɓin kuma da ya kamata a tabbatar yana kashe, wato na sake buɗe tagogin da aka bari a baya, domin idan yana kunne, kukis ɗin da ya kamata su mutu da rufe burauza sukan dawo tare da tagogin.

Wannan goge-goge yana da tsadarsa, kuma gara a san ta tun da wuri. Amsar da mutum ya ba allon nan mai neman izinin kukis, wanda dokokin Tarayyar Turai suka yaɗa a duniya musamman bayan dokarsu ta kare bayanai, GDPR, ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ita ma galibi a cikin kuki ake adana ta, saboda haka allon zai riƙa dawowa kullum. Haka alamar da ke shaida wa masu imel cewa sun san wannan na'ura: da an goge ta, sai a sake turo lambar tantancewa, wanda kuma wayarsa ba caji ko layinsa ya ɓata sai ya koma gida bai yi abin da ya kawo shi ba. Mafi muni shi ne fom mai tsawo da wasu shafuka ke adanawa a cikin burauza kafin a kammala shi. Gogewar ba ta bambance kukin talla da aikin da mutum ya ɓata sa'a guda yana cikewa. Firefox ta tanadi jerin keɓewa inda za a rubuta adireshin shafukan da ba a so a taɓa, kuma yana aiki yadda ya kamata, amma yana can ciki inda sai mai nema zai gan shi. Da ma a ce tana yin gargaɗi a fili kafin a kunna zaɓin.

Matakan kariyar uku ne: na yau da kullum, mai tsanani, da wanda mutum zai tsara da kansa. Mozilla da kanta ta rubuta cewa mai tsananin yana iya hana wasu shafuka aiki daidai. Na ga haka a shafin biyan kuɗin wata makaranta, inda tagar biyan kuɗin, wadda ta wani kamfani ce da aka dasa a cikin shafin, ta tsaya fara fat. Danna alamar garkuwa da ke gefen adireshi da kashe kariyar ga wannan shafin kaɗai ya warware matsalar. A ganina gyaran na masu gina shafin ne, amma mahaifiyar da ta zo biyan kuɗin makarantar ɗanta ba wannan bayani take jira ba, don haka a kwamfutocin jama'a matakin yau da kullum nake bari.

A kwamfutar da nake aikina ni kaɗai, na ƙara wani kayan haɗi na Mozilla mai suna Multi-Account Containers. Yana ba kowace taga launinta da ma'ajin kukis ɗinta, har a iya buɗe imel ɗin shago da na gida a lokaci guda ba tare da sun cakuɗe ba. Ba ya aiki a wayar Android, kuma wannan giɓi ne babba a garin da mafi yawan mutane da waya suke hawa intanet.

Masu tsofaffin kwamfutocin kwatano su lura cewa Firefox 115 ce ta ƙarshe da ke aiki a Windows 7, kamar yadda Chrome 109 ta zama ta ƙarshe tun farkon 2023. Mozilla ta sha tsawaita wa'adin tura gyaran tsaro ga waccan siga, abin a yaba ne, amma ba abin da za a jingina da shi har abada ba ne.

Akwai abubuwan da ba ta yi, ko da an kunna komai. Ba ta hana shafin da mutum ya shiga da sunansa sanin abin da yake yi a ciki. Wanda ya buɗe Facebook ya riga ya gabatar da kansa. Mozilla ɗin ma kaso mafi tsoka na kuɗin shigarta daga Google yake fitowa, a matsayin ladan sanya injin binciken Google a gaba, kuma ya dace mai amfani ya san haka. Kalmomin sirri da aka adana ba sa cikin abin da zaɓin gogewar ke sharewa, saboda haka wajibi ne a kashe tayin adana su a kwamfutar shago. Sannan duk takardar da aka sauke tana nan a jakar saukarwa ta kwamfuta, ko da a taga ta sirri, wadda ba ta ajiye tarihin shafukan da aka buɗe, aka sauke ta: takardar NIN, sakamakon jarrabawa, hoton fasfo, takardar shaidar haihuwa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a Yunin 2023 kuma ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, tana ɗora nauyi a kan masu riƙe bayanan jama'a, kuma ban ga dalilin da mai shago zai ɗauka cewa nauyin bai shafe shi ba. A shagona, share wannan jaka aikin hannu ne da ake yi bayan kowane mutum ya tashi, a gabansa, kafin a karɓi kuɗinsa.